Kwaɗo Sau Ɗaya

Ni ne telan nan na Yelwa, cikin Garwa,
mai rufe shago tun ana kiran magariba,
amma isha ta riske ni a bakin ƙofa,
hannuna kan kwaɗo.
In ja, ya riƙe. In ja, ya riƙe.
In kai gindin dalbejiyar mai shayi,
sai a ce da ni daga ciki: ka tabbata?
In juyo.

Alwala kuwa, buta uku ba ta isa ba.
Bayan hannuna ya daddare
kamar laka a gaɓar Binuwai da rani.
Liman ya yi sallama,
ni ina nan ina gyaran niyya.

Na sha rubutu, an yi mini tofi.
Malam Ubale ya ce waswasi ne, kada in kula shi.
Gaskiya ya faɗa,
sai dai ta yaya ake ƙyale sauro
bayan ya shige cikin kunne?

A asibiti Dokta Jebba ta ba ni ƙwaya fara,
ɗaya kullum, bayan kunu.
Mako goma sha biyu na ƙirga,
ƙirge dama sana'ata ce ta biyu.
Sefa ta tafi, kuɗin ɗinkin sallah ya tafi,
kwaɗo na nan yana jirana.

Na koma na ajiye mata kwalin a tebur,
na ce: naku ma ya sallama.
Ta dubi tef ɗin da na manta a wuyana,
ta ce: in riga ta ƙi zama jikin mai ita,
yadin kake ƙonawa?
Na ce a'a, warwarewa nake, in sake awo.
Ta ce: to, miƙo kafaɗa.

Ta ƙara awon maganin, muka jira.
Ya ɗan motsa, bai tashi ba.
Ta sauya wani, ɗan uwan na farko,
ta ce akwai kuma tsoho mai busar da baki,
akwai ɗan ƙarami da ake haɗawa da dare
in babba ya gaji shi kaɗai;
ba mu kai ƙarshen titi ba tukuna.

Amma aikin da ya fi ɗaci ba haɗiya ba ne.
Ta ce: ka ja kwaɗo sau ɗaya,
ka juya baya, ka tafi da tsoronka a aljihu.
Ta kira Tabawa gefe:
in ya tambaye ki ko ya kulle, kada ki amsa.
Shekara tara tana ce mini "ka kulle, Baban Sanda,"
ashe tausayinta tuwo ne ga ciwon.

Daren farko gumi ya jiƙa ni har mazagi.
Na ga ɓarayi, na ga wuta,
na ga keken ɗinkina a kan baro.
Na tambayi Tabawa. Ta ci gaba da tankaɗe,
hawaye na sauka cikin garin.
Tsoro ya cika kamar kogi a Agusta,
ya taɓa ƙasan gada,
ya tsaya.
Can wajen ƙarfe biyu, ba wanda ya roƙe shi,
ya fara ja da baya.

Da safe shago na nan.
Kwaɗo na nan, ko kallona bai yi ba.

Yanzu damina biyu ke nan.
Muryar ba ta mutu ba, kada in yi muku ƙarya;
ta koma kamar rediyon maƙwabci.
Ran Talata na ja sau biyu,
na faɗa wa Dokta, ta rubuta, ba ta ɗaga kai ba.
Jiya buta ɗaya ta ishe ni,
na sami raka'ar farko,
har na raga wa na bayana ruwa.